Kauci Uku a Hular Nomau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba a kama masa gefe ba, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya ba kowace al'umma harshenta, ya kuma ba kowane harshe masu gardama a kansa. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Jatau, wanzamin Kwatarkwashi, wanda ya yi tafiyar da ba a aike shi ba, ya ci abincin da ba dominsa aka dafa ba, ya kuma dawo gida da ƙafarsa. Mai son ji ya matso. Mai son ƙaryatawa ya bari in gama, don ni in an katse ni daga farko nake sakewa.

Ku sani karatuna na allo bai yi nisa ba. Na kai daidai wurin da malaminmu ya kira mahaifina ya ce masa in yaron nan zai ci gaba da zuwa, to shi zai koma noma. Aka miƙa mini aska da ƙaho, sana'a kuwa ta karɓe ni. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai har gemuna ya fara furfura: in shiga taro a matsa mini, a ce ga malam nan.

Rannan ina yi wa wani bafatake aski, sai ya ce mini can bayan ruwan gishiri akwai wasu tsibirai uku da malamansu ba su da littafi, ba allo, ba tawada. Rubuta ilmi ma laifi ne a wurinsu. Duk da haka sarakuna miƙewa suke in sun shigo, kuma in runduna biyu suka ja daga, malami ɗaya ya ratsa tsakaninsu, kowa sai ya mai da takobinsa kube ya tafi gida.

Na tsai da aska a tsakar kansa na ce, "Maimaita mini wajen ba littafin nan."

Da na gaya wa matata Tabawa, tana tuƙin tuwo, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da in an aike ka sayen daddawa sai ka dawo da labari, kai ne za ka riƙe ilmi a ka? To Allah ya kiyaye hanya. In ka zama malamin ka taho mana da tsaraba." Ta wanke mini farar babbar rigata ta naɗe, na rataya zabirata na fita.

Ba zan gajiyar da ku da hanya ba. Na bi ayari na ƙetare rairayin da ke gurnani in an taka shi. Na kwana a birnin da ƙofofinsa ke atishawa in maƙaryaci ya shiga, wanda dole sai ta kan ganuwa na bi. Har na iso bakin teku, na sami jirgin wata ƙatuwar mace mai suna Orla, mai jan gashi kamar garwashi, tana fataucin gishiri zuwa tsibiran nan. Ta ɗauke ni a kan in riƙa yi wa matuƙanta aski. A bakinsu na koyi harshen ƙasar, shi ya sa na iya zagi kafin in iya gaisuwa.

Ta sauke ni a na farko, Tsibirin Hazo, inda ruwan sama bai san damina ba bai san rani ba, rana kuwa sai dai ta leƙo kamar amarya ta koma. Ta ce, "Mai Aska, ranar babban taron shekara zan tsaya a Dutsen Tsakiya. Ka same ni can in mai da kai inda na ɗauko ka. Jirgina kaɗai ke zuwa wancan gefen duniya, ka ji dai."

Sanyi ya sa na warware babbar rigata na zura. Ban yi nisa ba sai na ga masunta suna ajiye taru suna durƙusawa. Ashe a ƙasar nan ba mai sa farin tufafi sai malamansu. Ganin rigar da ta fi ta kowa faɗi, ga aiki a wuya, sai suka yanke cewa babban malamin ƙasar rana ne ya zo ziyara. Ni kuwa na ga ba ladabi ba ne baƙo ya fara da gyara wa mutanen gari zance.

Aka kai ni wurin shugaban malamansu, Fargal, wani dogo mai gemu har cibiya. Aka kawo zuma da madara da kifi. Aka kawo giya, na ce a makarantarmu an hana, sai girmana ya daɗu. Da ciki ya ɗauka na tambaye shi cikin dabara, su a nan yaya mutum ke zama malami.

Ya ce, "Kamar ko'ina mana. Yaro ya shiga daji da haƙoran nono, ya yi ta haddar baitoci daga fitowar rana har faɗuwarta, ya fito da furfura. In ya ɓata kalma ɗaya ya koma farko. Ku a wurinku fa?"

Na ce, "Kusan haka." A ranar na fara jin kewar allo.

Washegari ya kai ni cikin daji gindin wata itaciya, ta fi gamji tsawo, ta fi kuka kwarjini. Ya dafa ta ya ce, "Mu a nan ana ce mana duruyi. Wannan itaciya sunanta daru, ita ce uwar daji. Wid kuwa a tsohon harshe sani ne. Aka haɗa biyun, ya zama masanin daru. Wannan ne asalin sunan, komai makiyayan Tsibirin Tumaki da 'yan kallon tsuntsaye za su ce. Ko ba haka ba, ɗan'uwana na ƙasar rana?"

Lokacin akwai saƙar zuma a bakina. Na haɗiye na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Mu ma can haka muke ji."

Tsohon nan ya tattare riga ya hau itaciyar kamar saurayi, ya zaro lauje na zinariya, ya yanko kauci, aka tare da farin ƙyalle kada ya taɓa ƙasa. Ya miƙo mini da hannu biyu, jama'a suka yi ajiyar zuciya. Ni wanzami ne, na san darajar kauci a wajen magani. Na ce a raina ga tsarabar Tabawa ta samu, na jefa a zabira.

Da zuma ta gundure ni, na ji an ce a Tsibirin Tumaki rago ake gasa wa baƙo. Aka sa ni a wani kwalekwalen fata, kewayayye kamar ƙwarya, wanda ba ya tafiya sai yana juyi. Na sauka ban san gabas ba. Shugabansu Kadwal ne, gajere mai faɗin ƙirji, irin mutanen da ko gaisuwa suke sai ka ce faɗa ne. Ya ja ni har ƙololuwar tsauni ya ce, "Me kake gani?"

Na ce, "Hazo."

Ya ce, "Ni gobe nake gani. Shi ya sa ake ce mana darwid, wato mai ganin abu tun bai iso ba. Wancan dogon ya ce maka itace ne, ko? Itace kuwa ai masassaƙi ma ya san shi. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a daji don a kira shi da sunan katako?"

Ƙamshin ragon yana hawowa daga gindin tsauni. Na ce, "Wallahi ni ma abin ya ɗaure mini kai. Naka ya fi kama hankali." Kafin yamma kauci na biyu ya shiga zabira.

Na uku Tsibirin Tsuntsaye ne. A can wata tsohuwa ce shugaba, sunanta Nolwen, 'yar ƙarama, haƙoranta sun tafi sun bar ta, amma idonta kamar na kyanwa a ɗaki. Ta zaunar da ni kusa da shinge ta ce in yi shiru. Can sai wani tsuntsu ya fito, bai kai ko ɗan tsuntsun nan tsada girma ba, ya buɗe baki ya cika kwarin da murya kamar maroƙin da aka yi wa kyautar doki.

Ta ce, "Sunansa diriw, mu ma haka ake ce mana. Ya fi kowa ƙanƙanta, ba ramin da ba ya shiga, ba labarin da ba ya ji. Na farkonmu a bakinsa ya koyi sani, aka ara masa sunan. Me ka gani, ɗana?"

Jikarta na toya wata irin waina mai faɗi da man shanu. Na ce, "Uwa, wannan ai ko makaho ya ji ya san gaskiya ne."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ta miƙo nata kaucin.

Ranar taro ta zo. Aka kwashe mu zuwa Dutsen Tsakiya, wani ɗan tsibiri da ba kome a kansa sai manyan duwatsu a tsaye sun yi da'ira. Na ce yau ranar ado ce. Na karkace hulata, na zaro kaucin nan uku na soke su a jere a gaba, na sauka ina taƙama. Mutane suka yi tsit, na ɗauka kwarjini ne. Can na hangi Orla a bakin ruwa tana sauke gishiri. Da ta dubi hulata sai buhun ya suɓuce mata.

Ta ja ni bayan jirgi ta ce, "Mai Aska, wa ya ba ka waɗannan?"

"Masoya."

"Ka san abin da karɓar kauci ke nufi?"

"Magani ne. A wurinmu ana jiƙa shi da..."

"Alkawarin shaida ne, sakarai. Kowace shekara a nan suke gardama a kan asalin sunansu, kuma ba mai raba su sai baƙo mai farar riga wanda ba shi da dangi a tsibiran. Wanda ka karɓi kaucinsa, ka yi alkawarin tsayawa gaban taro ka ce nasa ne gaskiya. Baƙin da suka riga ka kowa ɗaya ya karɓa, ya yi shaidarsa, sauran biyun suka ce da abinci aka saye shi, aka watse. Kai uku ka karɓa. Duk wanda ka zaɓa ka karya biyu."

Na ce, "To in mutum ya karya, tara ake ci ko bulala? Bayana ya saba."

Ta juya ni ta nuna mini wani dutse can cikin ruwa. Wani mutum na zaune a kai, gashi ya rufe masa fuska, yana yi wa wata tunkiya bayani da hannu bibbiyu. Ta ce, "Wancan alkawari ɗaya ya karya. Shugabannin uku suka juya masa baya, kowa ya juya. Ba mai yi masa magana, ba mai amsa masa, ba mai sayar masa, ba mai ɗaukarsa a jirgi. In suka juya maka, ni ma dole in juya. Ba zan gan ka ba, ba zan ji ka ba. Nan za ka tsufa."

Jama'a, an taɓa bina da sanda, an taɓa sako mini kare, ban ji tsoro irin na ranar ba. Ni da ko kan mutum nake aski sai na ba shi labari uku, a ce in ƙare rayuwata ba mai ce mini uhm? Ga Tabawa can tana jira. Na kai hannu zan zare biyu, Orla ta ce, "Bari. An riga an gani."

Aka busa ƙaho, aka tsai da ni tsakiyar da'ira. Fargal yana shafa gemu, Kadwal yana huci, Nolwen tana zaune a kan dutse tana lilo da ƙafa. Mai shela ya ce bisa al'ada, mai shaida yana da roƙo ɗaya kafin ya buɗe baki, kuma ba a hana shi. Na fara tunanin in ce zan kewaya, sai na tuna tsibirin ba shi da bayan gida balle hanyar gudu. Abin da nake so kawai lokaci ne, ko Allah ya kawo hadari. Sai na tuna mutanen nan da son dogon karatu.

Na ce, "Roƙona, kowannenku ya faɗi a bakin wa ya ji, shi kuma a bakin wa, har zuwa na farko."

Wuri ya ɗauki gunaguni. Ashe wannan salsala sirrin kowane tsibiri ce, ba a taɓa karanta ta gaban na waje ba, ba kuma baƙon da ya taɓa nema. Amma al'ada ta ce ba a hanawa.

Fargal ya miƙe ya fara. Na ji daga wane, shi daga wane mai jan gira, shi daga wane da ya mutu a kan itace. Ya yi ta jero su har inuwar duwatsu ta juya, ni kuwa ina addu'a kada su ƙare. Can ya sassauta murya ya ce, "Shi kuma daga Tsoho Elwan, malamin farko, mai ɗalibai uku. Ya kira shi gindin daru ya ce, kai kaɗai na zaɓa in gaya wa, kada sauran biyun su ji." Ya faɗi zancen itacen. Sannan ya ɗaga hannun rigarsa ya rufe baki, kafaɗunsa suka yi ta rawa. Mutanensa duk suka sunkuyar da kai.

Na raɗa wa mai shela, wanda shi ma mutumin Fargal ne, "Wannan fa?"

Ya ce, "Kukan Elwan ke nan, don nauyin sirrin. Mu ba ma zubar da kome. Yadda malami ya yi, haka ɗalibi zai yi, har motsin jiki."

Na lura fuskar Kadwal ta sauya. Ya miƙe ya sheƙo tasa salsalar kamar mai korar awaki, sunaye dabam, mutane dabam, amma da ya kai ƙarshe sai muryarsa ta yi sanyi. "Daga Tsoho Elwan. Ya kira shi kan tsauni ya ce, kai kaɗai na zaɓa in gaya wa, kada sauran biyun su ji." Hannun riga a baki, kafaɗu na rawa. Nolwen ta yi tata daga zaune, ta ƙare a kan Elwan, a bakin shinge, da kalmomin nan dai, da rawar kafaɗar nan dai.

Duk ido ya dawo kaina.

To ni ban san asalin ko sunan kakana ba. Amma na yi shekaru ina aika mutum biyu wurin juna da saƙon da ba wanda ya bayar, in koma gefe in zauna. Na san abin da kafaɗa ke yi in an danne wani abu, kuma na san ba kuka ba ne. Na ji kamar na gamu da ɗan'uwana a bakin duniya. Sai dai in na fito na ce kakanku ya yi muku wasa, nan take duk ukun za su juya mini baya.

Na durƙusa gaban Nolwen na ce, "Uwa, baƙo ne ni, ban ga kukan nan sosai ba, kuma ba na shaidar abin da ban gani ba. Ki sake yi mini, yadda aka koya miki daidai, amma ki sauke hannun rigar."

Kadwal ya ce, "Roƙonsa ɗaya ne, ya riga ya yi."

Nolwen ta ce, "Wannan ba roƙo ba ne, ɗa ne ke magana da uwarsa. Zauna, Kadwal."

Ta miƙe ta fuskanci jama'a, hannuwanta a ƙasa. Ta kumbura kumatu yadda aka koya mata, ta matse ido, ta cije leɓe, ta saki kafaɗu. Ba wanda ya taɓa ganin abin da ke bayan hannun rigar, har su masu yin. Abin da ya bayyana fuskar mutum ce da dariya ta kusa kashewa. Tsohuwar ta yi ƙoƙarin riƙewa, ta kasa, ta fashe da ita har tana dafa dutse. Wata mata a baya ta kama, masunta suka kama, matuƙan Orla suka faɗi ƙasa suna birgima.

Na ɗaga murya na ce, "Ga shaidata. Na shaida Fargal ya faɗi abin da Elwan ya faɗa. Na shaida Kadwal ya faɗi abin da Elwan ya faɗa. Na shaida uwata Nolwen ta faɗi abin da Elwan ya faɗa. Wanda ya ce na karya masa alkawari, ya je ya tambayi Elwan."

Kadwal ya miƙe, fuska ja wur, ya juya mini baya. Na dubi Fargal, don sai ukun sun juya hukunci ke tabbata. Dogon nan ya shafa gemu. Can ya ce a hankali, "Ashe dariya muke ɗauke da ita tun zamanin kakanni. To ko ba kome, ba mu zubar masa da ita a hanya ba." Ya zauna yana fuskantata. Nolwen ta share hawaye ta ce kaucin uku duk sun tsaya.

Fargal ya ce ya kamata a girmama ni, in zauna a daji in haddace salsalolin uku a matsayin malami na gaske. Na ce wallahi na so, amma ɗalibaina na jirana. Kadwal kuwa bai juyo ba har aka watse. Da yunwa ta kama shi sai ya ce wa iska, "A gaya wa wanzamin nan, tunda ƙeyata ce ke kallonsa, ya aske ta." Na aske ta tas.

Ina sa ƙafa a jirgi Nolwen ta yafito ni. Ta jawo kunnena ta ce, "Ɗana, akwai asalin sunan na huɗu, shi ne na ainihi, a wurin mata ya biyo. Kai kaɗai na zaɓa in gaya wa." Ta raɗa mini. Da na ɗago na dube ta, fuskarta ba alamar wasa, amma hannayenta duka biyu suna cikin riga, kuma ta yi saurin juyawa, kafaɗunta na rawa.

Haka na dawo Kwatarkwashi, Tabawa ta dube ni sama da ƙasa ta ce malam ya rame, ta zuba mini tuwo. Sirrin tsohuwa kuwa na riƙe shi amana. Mutum uku kacal na gaya wa, Cindo mahauci da Barau maɗinki da Anaruwa mai gyaran rijiya, kowa shi kaɗai, ina riƙe da kansa, kuma kowa da irin nasa. Jiya a kasuwa na ga Cindo da Barau sun wuce juna ba gaisuwa.

Iyakar abin da ya same ni ke nan. Allah ya gafarta wa mai faɗi, ya ba mai ji haƙuri.